Waƙafin Sama da Harafin S: Yadda Turanci Ke Nuna Mai Abu

Idan Bature ya furta *the boys*, ya sake furta *the boy's*, sannan ya furta *the boys'*, sauti ɗaya kunnenka zai ji har sau uku. Na farko yara maza ne da yawa, na biyu wani abu ne na yaro guda, na uku kuma wani abu ne na yara da yawa. Baki bai raba su ba, kunne bai raba su ba. Alƙalami kaɗai ke raba su, shi ma da wata 'yar alama mai kama da waƙafi da ake ratayawa a saman layi, wadda Turawa ke kira *apostrophe*. A nan zan riƙa ce mata waƙafin sama. Daga nan wahalar ta samo asali: ana neman ɗalibi ya rubuta bambancin da bai taɓa jin an faɗa ba.

Wanda ya tashi da Hausa yana da ƙarin nauyi biyu a kan wannan. Na farko, alamar nan a rubutunmu na boko harafi ce mai sauti. Tana cikin sa'a, tana cikin jama'a, tana cikin ma'aikaci, kuma in ka cire ta kalmar ta lalace a baki. Yaron da ya saba da haka zai ɗauka duk inda ya gan ta akwai abin da maƙogwaro zai yi. A mallakar Turanci kuwa shiru take, ido kawai take yi wa magana.

Nauyi na biyu ya fi girma, kuma ban cika ganin ana tsayawa a kansa a aji ba. A Hausa abin da aka mallaka shi ke fara zuwa, kuma shi ke ɗaukar alama. Muna cewa gidan Audu, motar Audu, gidajen Audu. Sunan Audu bai motsa ba ko kaɗan. Gida ne ya ɗauki n don namiji ne, mota ta ɗauki r don mace ce. Turanci ya kifar da tsarin gaba ɗaya: mai abu ke fara zuwa, shi ke ɗaukar alama, abin da ya mallaka kuwa ba a taɓa shi, kuma ba ruwan kowa da jinsinsa. *Audu's house, Audu's car, Audu's houses.* In jerin ya yi tsawo sai bambancin ya fito fili. Dokin ƙanin malamin Audu yana farawa daga doki ya ƙare a kan Audu. *Audu's teacher's brother's horse* yana farawa daga Audu ya ƙare a kan doki. Ɗalibin da ke tunani da Hausa yana rubutu da Turanci dole ya bi jimlarsa daga ƙarshe zuwa farko, yana kuma ɗauke alamar daga kan wata kalma yana ɗora wa wata.

Shi ya sa idan na ga *my father house* ko *Audu shop* a takardar yaro ba na ɗaukarsa sakaci. Yaron ya yi rabin aikin, ya juya jerin daidai. Abin da ya rage masa shi ne taɓa sunan mai abu, wanda harshen uwarsa ya koya masa cewa ba a taɓawa. Ga kuma Turancin buroka da yake ji a tasha da kasuwa, inda *my papa house* daidai ne, ba kuskure ba. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka fara da Faransanci su ma ba su tsira ba, domin *la maison de Moussa* jerin Hausa yake bi, gida a farko, Musa a ƙarshe.

Ita kanta ƙa'idar ba ta kai tsoron da ake yi mata ba. Ka tambayi kanka: na wa ne? Amsar da ka samu, ka rubuta ta cikakkiya yadda za ta tsaya ita kaɗai, tun kafin ka tuna da wata alama. Idan gonar ta ɗan'uwanka ɗaya ce, amsar ita ce *brother*, sai ka ƙara waƙafin sama da s: *my brother's farm*. Idan ta 'yan'uwanka ce su da yawa, amsar ita ce *brothers*, wadda ta riga ta zo da s ɗinta na jam'i, don haka waƙafin kawai za ka ƙara: *my brothers' farm*. A takardar sayar da gona wannan ɗan matsi na alama shi ke faɗin ko mutum ɗaya zai sa hannu ko mutum biyar. Idan kuma jam'in na daban ne, wanda ba ya ƙarewa da s, irin su *children, men, women, people*, sai a yi masa yadda ake yi wa tilo: *children's, men's, women's, people's*. Ranar yara ta 27 ga Mayu *Children's Day* ce, ranar ma'aikata ta 1 ga Mayu kuma *Workers' Day*, kuma ƙa'ida ɗaya ce ta haifi duka biyun.

Akwai gwajin da nake so kowane malami ya koya wa ajinsa. Ka sa yatsa ka rufe waƙafin da duk abin da ke bayansa. Abin da ya rage a fili shi ne mai abun. Ka rufe a *girl's*, ka ga *girl*, yarinya ɗaya. Ka rufe a *girls'*, ka ga *girls*, 'yan mata. Ka rufe a *childrens'*, ka ga *childrens*, kalmar da babu ita a Turanci, nan take ka san an yi kuskure. Allon makarantar 'yan mata da aka rubuta wa *Girl's Secondary School* yana shelar cewa ɗaliba ɗaya tak aka gina wa makarantar. A Ingila ma akwai kwalejoji biyu da wannan ya raba sunansu. *The Queen's College* ta Oxford an kafa ta a 1341 don girmama sarauniya ɗaya, Philippa. *Queens' College* ta Cambridge kuwa sarauniya biyu take tunawa, Margaret ta Anjou da ta kafa ta a 1448, da Elizabeth Woodville da ta sake kafa ta a 1465.

Furuci ba ya buƙatar dogon bayani, domin daidai yake da na jam'i. Bayan baƙi marar ziza, wato wanda maƙogwaro ba ya karkarwa wajen furta shi, ana jin s, kamar a *cat's*. Bayan wasali ko baƙi mai ziza ana jin z, kamar a *dog's* da *Musa's*. Bayan sautuka masu huci irin s, z, sh, c da j sai a ƙara gaɓa guda, a ji iz, kamar a *judge's* da *horse's*.

To me ya sa harshe zai bar ma'ana uku su hau sauti ɗaya? Da ba haka yake ba. A tsohon Turanci, wanda ake yi kafin Normandawa su ci Ingila a 1066, kunne yana raba su sarai. Sarki *cyning* ne. Sarakuna *cyningas*. Abin sarki *cyninges*. Abin sarakuna *cyninga*. Ɗafa-ƙeya uku, sauti uku, babu buƙatar wata alama a sama. A ƙarnonin da suka biyo baya wasulan ƙarshen kalma suka yi ta raunana har *as* da *es* suka zama abu ɗaya, na jam'in mallaka ya ɓace, s ya mamaye har sunayen da a da ba nasu ba ne. Tsohon *es* ɗin yana nan a ɓoye cikin sunan ranar Laraba: *Wednesday* ranar Woden ce, wani abin bauta na Turawan da, kuma *es* ɗin tsakiya shi ne na mallaka.

Waƙafin sama baƙo ne da ya zo daga baya. Wani mai buga littattafai a Faransa, Geoffroy Tory, shi ya shigar da shi rubutun Faransanci a 1529 don nuna inda aka haɗiye wasali, daga can ya tsallaka Ingila a cikin ƙarni na 16 da wannan aikin dai. Tun da *e* na *kinges* ya daina fita a baki, sai masu ɗab'i suka fara sa alamar a gurbinsa, sannu a hankali har ta bazu zuwa kalmomin da ba su taɓa samun *e* ba. Abin bai zauna da wuri ba. A babban kundin wasannin Shakespeare da aka buga a 1623, *The Winters Tale* aka rubuta, babu waƙafi. A wannan zamanin ne ma wasu masu ilimi suka ɗauka s ɗin guntun *his* ne, har suka riƙa rubuta shi cikakke. Littafin addu'o'in Cocin Ingila na 1662 yana ɗauke da *for Jesus Christ his sake*. Zato ne da bai da tushe, domin da haka ne da *the queen's crown* ya zama *the queen her crown*, amma ya daɗe yana yawo. Sai a ƙarni na 18 waƙafin mallakar tilo ya zama ƙa'ida, na jam'i kuma, wato wanda ke zuwa bayan s, bai gama zama ba sai wajen tsakiyar ƙarni na 19. Ke nan ƙa'idar da ake yi wa yaranmu jan biro a kanta ba ta cika shekara ɗari biyu da kammaluwa ba, a harshen da ya haura shekara dubu ana rubuta shi.

Wani abu ya faru da s ɗin nan a kan hanya wanda ya sa ya bambanta da ɗafa-ƙeya na gaskiya. Ya daina manne wa kalma ɗaya, ya koma bin bayan dukan yankin sunan, kamar mai kora a bayan garke. Dokin Sarkin Kano a Turanci *the Emir of Kano's horse* ne. Alamar tana jikin Kano, alhali dokin na sarki ne. A zamanin marubucin Ingila Chaucer, ƙarshen ƙarni na 14, ba haka ake yi ba: labarin matar garin Bath an rubuta shi *the Wyves Tale of Bathe*, alama a jikin matar, sunan gari a can ƙarshe. Yau sai dai *the Wife of Bath's Tale*. Wannan shi ke warware rikicin surukai. Jam'in *mother-in-law* a kan kalmar farko yake, *mothers-in-law*, amma mallaka a ƙarshe take, *my mother-in-law's room*. Shi ke kuma raba shagon haɗin gwiwa da shaguna daban-daban. *Musa and Audu's shop* shago ɗaya ne na su biyu, alama ɗaya a bayan duka. *Musa's and Audu's shops* kowa da nasa. A nan gwajin yatsa yana aiki har yanzu, muddin ka karanta duk abin da ya rage a hagu, ba kalmar da ke kusa da yatsan kaɗai ba.

Sai *its* da *it's*, inda har 'yan asalin harshen ke faɗuwa kullum. Wakilan suna na mallaka ba su ɗaukar waƙafi: *his, hers, ours, yours, theirs, its, whose*. Duk inda ka ga *it's*, to *it is* ne ko *it has* aka taƙaita, kamar yadda *who's* yake *who is* ko *who has*. Ɗalibin da ya rubuta *the dog wagged it's tail* hankali ya bi: in *dog's* daidai ne, me zai hana *it's*? Kuma yana da manya a bayansa, domin Thomas Jefferson haka ya rubuta *it's* na mallaka a daftarin takardar 'yancin Amurka ta 1776, kuma a lokacin ba a ɗauke shi kuskure ba. Daga baya aka raba su. Yau dai ba a yafe shi, a jarrabawar WAEC ko a takardar neman aiki, kuma maganinsa sauƙi ne: ka warware shi zuwa *it is* ka karanta. In jimlar ta tsaya, waƙafin ya zauna. In ta rushe, ka cire shi.

Inda na fi son a yi adalci shi ne sunayen da suka ƙare da s tun asali, kuma mu muna da su da yawa: Yunus, Idris, Abbas, Ilyas, Bilkis, ga Jos, ga Lagos. Littafin Idris *Idris's book* ne ko *Idris' book*? Gaskiyar magana, masu harshen ba su daidaita ba. Kundin salon rubutu na Jami'ar Chicago, wanda masu buga littattafai a Amurka ke bi, ya ce a ƙara waƙafi da s. Kamfanin dillancin labarai na AP, wanda jaridu da yawa ke bin salonsa, ya ce waƙafi kaɗai ya isa. A 2006, a shari'ar *Kansas v. Marsh* a Kotun Ƙolin Amurka, Mai shari'a Clarence Thomas ya rubuta *Kansas'*, Mai shari'a David Souter ya rubuta *Kansas's*, a hukunci ɗaya. A 2007 majalisar jihar Arkansas sai da ta zartar da ƙuduri cewa *Arkansas's* za a riƙa rubutawa. A 2024 da Kamala Harris ta tsaya takarar shugaban ƙasa, manyan jaridun ƙasar sun rabu tsakanin *Harris'* da *Harris's*. A Landan akwai *St James's Park*, akwai kuma asibitin *St Thomas'*.

Ni ina tare da masu ƙara s, don dalili biyu. Yana bin baki, domin yawancin mutane *Idrisiz* suke furtawa da ƙarin gaɓa. Kuma yana barin ƙa'idar a dunƙule: tilo ya ɗauki waƙafi da s, ko da wane harafi ya ƙare. Amma malamin da ya soke wa yaro *Idris' book* ya rage masa maki, ya hukunta shi ne a kan abin da alƙalan Kotun Ƙoli ba su sasanta ba. Abin da ya kamata a nema daga yaro shi ne ya zaɓi ɗaya ya riƙe shi daga farkon takarda zuwa ƙarshenta. Kuskuren gaske a nan shi ne *Idri's*, inda aka yanke sunan mutum aka cusa waƙafi a cikinsa, kuma gwajin yatsa yana kama shi nan da nan, don babu wani mai suna Idri a zancen. Sunan iyali da ya ƙare da s kuwa jam'i ake fara yi masa: iyalan gidan Jones *the Joneses* ne, gidansu kuma *the Joneses' house*.

Sunan da aka ba wannan babi, wato mallaka, shi kansa yana ɓatar da ɗalibai, don ba kullum ake maganar dukiya ba. *The prisoner's release* sakin fursuna ne, ba shi ya mallaki sakin ba, shi aka saka. *A day's work* aikin yini ne, *two weeks' notice* sanarwar mako biyu ce, kuma waƙafin yana bin ƙa'idar tilo da jam'i kamar kullum. A nan mai Hausa yana da sa'a, domin n da r ɗinmu ma haka suke: aikin yini, zuwan sarki, sakin fursuna, duk ba mallaka ba ce ta kuɗi da kaya, dangantaka ce kawai tsakanin suna biyu.

Turanci yana da hanya ta biyu, ta *of*, wadda jerinta ya yi daidai da na Hausa, shi ya sa ɗalibanmu ke gudu zuwa gare ta. *The house of my father* ba kuskure ba ne a nahawu, sai dai kunnen Bature yana jin sa da nauyi, kamar karatun tsohon littafi. Abin da aka saba shi ne mutane da dabbobi da ƙungiyoyi da lokuta su ɗauki s, abubuwa marasa rai su ɗauki *of*: *the teacher's leg* amma *the leg of the table*. Ba doka ce mai tsauri ba, don ana cewa *Nigeria's economy* da *the car's engine* ba tare da wani ya ɗaga gira ba. Tsawon suna ma yana da tasiri, domin in mai abun ya yi dogon bayani gara a tura shi ƙarshe da *of*. Wani lokacin kuma hanyoyin biyu suna haɗuwa a jimla ɗaya, *a friend of my father's*, ɗaya daga abokan mahaifina. Masu tsananin ƙa'ida sun sha kushe wannan, amma yana yin aikin da Hausa ba ta yi a taƙaice. Hoton sarki a wurinmu yana iya zama wanda aka ɗauke shi, yana iya zama wanda ya saya ya rataya a ɗakinsa. Turanci ya raba: *a picture of the Emir* fuskarsa ce a ciki, *a picture of the Emir's* kayansa ne.

Kuskuren da ya fi yawa a allunan shaguna, daga Landan har Sabon Gari, shi ne sa waƙafi a jam'in da ba ya mallakar komai: *shoe's, phone's, apple's*. Turawan Ingila har suna suka ba shi, waƙafin mai sayar da kayan lambu. Mai rubutun ya ga s a ƙarshen kalma ya tuna akwai wata alama da ke rakiyarsa, sai ya sa don kada a ce bai sa ba. Tambayar na wa ne ita ke hana wannan, don in babu abin da aka jingina wa takalmin, babu dalilin alama.

A ɗaya gefen kuma hukumomi da kamfanoni cire ta suke yi da gangan. Hukumar sunayen wurare ta Amurka, tun kafa ta a 1890, ba ta yarda da waƙafin mallaka a taswira, shi ya sa ake rubuta *Pikes Peak* da *Harpers Ferry*. Wurare biyar kacal ta yi wa uzuri, mafi shahara a ciki *Martha's Vineyard* a 1933. Majalisar birnin Birmingham ta yanke shawarar daina sa shi a allunan tituna a 2009. Kamfanin sayar da littattafai na Waterstones ya cire nasa a 2012, ya ce sunan ya fi dacewa da adireshin intanet a haka. Wani tsohon ɗan jarida, John Richards, ya kafa ƙungiyar kare wannan alama a 2001, ya yi ta rubuta wa masu alluna wasiƙu, ya rufe ta a 2019 yana da shekara 96. Na fahimci ɓacin ransa, amma ba na ganin cire waƙafi daga sunan titi ya cutar da kowa, domin mai neman unguwar *Kings Heath* a Birmingham ba ya tambayar sarakuna nawa ne. A cikin jimla ne alamar ke ɗauke da ma'ana, can ya kamata a tsare ta.

Sunan wuri ko na hukuma kuwa ana rubuta shi ne yadda masu shi suka ajiye shi, ko ya bi ƙa'ida ko bai bi ba. A jirgin ƙasa na ƙarƙashin Landan, a layin Piccadilly, tashar *Earl's Court* tana maƙwabtaka da *Barons Court*, ɗaya da waƙafi ɗaya babu. A Legas *King's College* da *Queen's College* suna riƙe da nasu. Jam'iyyar PDP a rajista *Peoples Democratic Party* ce, babu alama ko gaba ko baya, kuma ɗan jaridar da ya ƙara mata ya canza mata suna. *Lloyds* banki ne, *Lloyd's* kasuwar inshora ce ta Landan, cibiyoyi biyu ne daban, kuma wanda zai aika wa ɗaya daga cikinsu wasiƙa sai ya duba yadda suka rubuta a saman takardarsu ya kwafa.